Na'urar Gano Ƙarfe don Sulalla da Bakin Teku: Wacce Ta Dace da Kai?

Duk wanda ya tambaye ni wace na'urar gano ƙarfe zai saya, ba na fara ba shi sunan kamfani. Tambaya nake mayar masa: a ina za ka riƙa yawo da faifanta, wato zagayen nan da ke ƙarshen sanda wanda ake kaɗawa a kan ƙasa? A filin wasa da gonaki da tsofaffin kufai ne, ko a busasshen yashin da masu shan iska ke shimfiɗa tawul, ko har can inda igiyar teku ke lasar ƙafa, ko ma cikin ruwan har ƙirji? Amsarsa ita ke zaɓa masa na'ura, domin tsakanin busasshen yashi da jiƙaƙƙe akwai wata iyaka da ido ba ya gani, kuma a kan wannan iyakar ake gane na'urar da ta amsa sunanta.

Ni kaina a nan na ɗauki darasi. Na'urata ta farko ta yi mini aiki lafiya lau a kan tudu, ta tono mini sulalla da maɓallai da makullai. Ranar da na fara kai ta bakin teku, a busasshen yashi ba ta ba ni matsala ba. Ina taka jiƙaƙƙen wuri sai ta ɓarke da surutu, duk inda na karkaɗa faifai ƙara take yi, lambobi na tsalle a allo kamar an barbaɗa ƙusoshi a ko'ina. Na rage mata kaifin ji har ta yi shiru, sai na jefa zobena a gabanta, na tura shi cikin yashi da yatsa. Ta wuce ta kansa ba ta ce uffan ba. Ba lalacewa ta yi ba. An ƙera ta ne don wani aiki, ni kuma na ɗora mata wanda ba nata ba.

Dalilin kuwa a fili yake idan aka san yadda abin ke aiki. A cikin faifan akwai naɗin waya da ke aika maganaɗisu mai kaɗawa cikin ƙasa. Idan ya taras da ƙarfe, sai wata 'yar wutar lantarki ta zagaya cikin ƙarfen, ita ma ta haifar da nata maganaɗisun, wani naɗin wayar kuma ya ji shi. Daga jinkirin da amsar ta yi wajen dawowa ne na'ura ke ƙiyasta irin ƙarfen, ta nuna shi da lamba a allo: azurfa da jan ƙarfe lambarsu sama, takardar alminiyam da ƙananan kayan zinare ƙasa, baƙin ƙarfe kuma a can ƙarshen ƙasa. To, ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki. Saboda haka jiƙaƙƙen yashi gaba ɗayansa yana amsa wa na'ura kamar wani shimfiɗeɗen ƙarfe marar ƙarfi, kuma amsar tasa tana faɗawa kusa da inda ƙaramin zinare ke faɗawa. Idan a gaɓar akwai baƙin yashi, wanda ma'adinin ƙarfe ne da mayen ƙarfe ke kamawa, to matsala ta zama biyu: gishiri na ja ta nan, ma'adini na ja ta can.

Yawan kaɗawar da faifan ke yi a daƙiƙa ɗaya shi zan riƙa kira zango, kamar yadda ake faɗa a harkar rediyo, kuma da kilohaz ake auna shi. Zangon ƙasa, kamar 4 ko 5, ya fi son manyan sulallan azurfa da jan ƙarfe masu zurfi. Zangon sama, 20 zuwa 40, ya fi jin ƙananan abubuwa irin su ɗan kunne da siririn zobe, sai dai shi ne kuma gishiri ya fi damu.

Na'urori masu zango ɗaya su suka daɗe suna riƙe da kasuwa, kuma har gobe ba abin rainawa ba ne. Garrett AT Pro, ta kamfanin da Charles Garrett ya kafa a Amurka a 1964, tana aiki a kan kilohaz 15, tana jure nutso har mita 3, kuma a rafi da tafki da gona ta yi suna. Sababbin Nokta Simplex na ƙasar Turkiyya su ma kilohaz 15 ne, suna shiga ruwa har mita 5, ga sauƙin koyo. Minelab X-Terra Pro kuwa tana ba ka zaɓi tsakanin 5, 8, 10 da 15, amma ɗaya bayan ɗaya, ba a tare ba. Idan neman sulalla a tudu ne babban burinka, bakin teku kuwa sai jefi-jefi, kuma a busasshen yashi za ka tsaya, kowacce daga cikinsu ta ishe ka. Suna da tsarin bakin teku, suna kuma iya aiki a jiƙaƙƙen wuri, amma da sharaɗin ka rage kaifi ka haƙura da zurfi. Mai zango ɗaya tana iya daidaita kanta da gishiri ko da ma'adini, ba ta iya kashe su duka biyun a lokaci guda.

Wannan gurbin ne masu zango da yawa suka cike. Suna aika zanguna daban-daban a tare, su gwada amsar wannan da ta wancan. Tunda amsar gishiri tana sauyawa daga zango zuwa zango ta hanyar da aka sani, na'urar na iya cire ta gefe ta bar ta ƙarfen. Fasahar ba sabuwa ba ce, amma a da tana cikin manyan na'urori masu nauyi da tsada. Fitowar Minelab Equinox 600 da 800 a 2018, daga kamfanin da ke Adaled a Ostareliya, ita ta kawo ta hannun kowa, sauran kamfanoni kuma suka biyo sahu.

A matakin shiga akwai Minelab Vanquish 340, 440 da 540. Suna da zango da yawa, suna zama shiru a jiƙaƙƙen yashi, batir huɗu irin na rimot manya suke ci, ka kunna ka kama tafiya. Amma faifan ne kawai ke shiga ruwa, akwatin sarrafawa ba ya jure nutso. Haka Garrett ACE Apex take: marar nauyi, tana da tsari na musamman don gishiri, akwatinta na jure yayyafi amma ba nutso ba. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. Ba sai ka yi niyyar shiga ruwa ba ruwa ke samunka. Ka ajiye na'ura ka sunkuya kana tono, igiya ɗaya da ta fi 'yan'uwanta tsawo ta zo ta rufe ta, shi ke nan. Shi ya sa a wannan matakin nake fifita jerin Nokta Score, wanda ya haɗa zango da yawa da jure nutso har mita 5, ko da yake an rage masa wasu saituna.

Inda mafi yawan masu tambaya ke tsayawa su yi ta jujjuya kai shi ne tsakanin Nokta Legend da Minelab Equinox 700 ko 900, kuma nan ya kamata a daɗe.

A takarda kusan tagwaye ne. Dukkansu suna aika zango da yawa a tare, dukkansu suna nutsewa har mita 5, batirinsu a ciki yake ana caji, suna haɗuwa da lasifikar kunne ba tare da waya ba, kuma ana sabunta musu manhaja ta kwamfuta. Legend na ba da zanguna guda-guda na 4, 10, 15, 20 da 40. Equinox 700 na da 4, 5, 10 da 15, sai 900 ta ƙara 20 da 40 da tsarin neman ɗanyen zinare, tana kuma zuwa da ƙaramin faifai na inci 6 bayan babban na inci 11. Ga mai neman sulalla da zobba, ƙarin da ke cikin 900 ba dole ba ne, in ban da ƙaramin faifan, wanda shi kam yana da rana.

Bambancin da hannu ke ji shi ne nauyi. Equinox 700 da 900 kusan kilo 1.27 ne, Legend kusan 1.4. Wanda bai taɓa kaɗa faifai na awa huɗu ba zai ce wannan ai ba komai ba ne, amma kafaɗa ita ke ba da labari da yamma. Bambancin da ido ke gani kuwa ma'aunin lambobi ne: Legend daga 1 zuwa 60, sababbin Equinox daga -19 zuwa 99. Faɗin ma'auni yana raba abubuwan da ke kusa da juna, sai dai lambar ta fi yawan rawa, musamman a kan abu mai zurfi. Gajeren ma'auni ya fi tsayawa wuri ɗaya amma yana cusa abubuwa da yawa a lamba guda. Kowanne da ribarsa da hasararsa, kuma ni ban taɓa ganin wannan ya isa ya zama dalilin zaɓe ba.

Abin da ya fi raba su a wurina shi ne hali. Legend cike take da saituna, ana shiga su ta alamomi da maɓallai da sai an zauna an haddace. Mai son taɓe-taɓe zai ji daɗinta, zai gyara sautin kowane rukunin ƙarfe yadda kunnensa ke so. Equinox ta fi saurin sabo, kuma tsarinta biyu na bakin teku a rarrabe suke: na farko don busasshe da jiƙaƙƙen yashi, na biyu don cikin ruwa inda gishiri ya fi yawa. Legend ta fi sauƙin kuɗi, kuma ba don ta gaza a aiki ba ne. In ka ba ƙwararru biyu waɗannan na'urori ka sake su a gaɓa ɗaya, abin da zai bambanta abin da suka tara da yamma shi ne wanda ya fi sanin inda ruwa ya kwashe yashi, ba tambarin da ke jikin sanda ba.

Sama da su akwai manya biyu. XP Deus II ta Faransa ba ta da waya ko ɗaya tsakanin faifai da akwati da lasifikar kunne, nauyinta na iya sauka har giram 750 idan an cire akwatin daga sanda, zangunanta daga kilohaz 4 zuwa 45, kuma tana nutsewa har mita 20. Saurinta a wurin da ƙusoshi suka yi yawa shi ya ɗaukaka ta. Amma a san abu biyu: saƙon rediyo ba ya ratsa ruwa, don haka da faifai ya nutse sai an ɗaura masa wata siririyar wayar eriya ta hau sanda. Na biyu, abubuwa uku za ka riƙa caji, kuma ranar da ka manta ɗaya, fitar ta tashi a banza. Minelab Manticore ita kuma allonta na zana abin da ke ƙasa a kan taswira mai fuska biyu, ɗaya na nuna yadda yake ɗaukar lantarki, ɗaya na nuna yawan baƙin ƙarfensa, wanda ke taimakawa wajen gane marfin kwalba mai tsatsa da ke kwaikwayon sule. Dukkansu na ƙwarai ne. Ba na dai ba sabon shiga shawarar fara da su, domin abin da ya biya kuɗi a kai ba zai fara amfanarsa ba sai kunnensa ya goge.

Akwai kuma wani dangi dabam da ake kira PI, masu aika bugun maganaɗisu su yi shiru su saurari amsa, maimakon kaɗawa ba tsayawa. Amsar gishiri na mutuwa da wuri, saboda haka kusan ba sa jin sa, baƙin yashi ma bai cika damunsu ba, ga zurfi. Garrett Sea Hunter Mark II na cikinsu, tana kai mita 60 a ƙarƙashin ruwa. Laifinsu ɗaya ne, amma babba: ba su iya tantancewa sosai ba. Kowace ƙusa, kowace ƙugiyar kifi, kowane abin kama gashi sai ka tona, kuma a rami mai zurfi. A gaɓa mai tsabta da baƙin yashi sarakuna ne. A filin da mutane suka shekara ɗari suna zubar da tarkace, azaba ce, don haka PI ba ta zama na'ura ɗaya tilo ga mai son sulalla. Minelab Excalibur II, wadda ba PI ba ce, mai zango 17 a tare ce, ita ma tana kai mita 60 kuma tana ƙin baƙin ƙarfe, amma ba ta da allo, da kunne kawai ake aiki da ita, nauyinta ya haura kilo 2. Ta masu nutso ce.

Yanzu ga batun sulallan kansu, inda mutane da yawa ke cutar kansu da maɓallin tantancewa, wanda ke sa na'ura ta yi shiru a kan lambobin da ka toshe. Ana ɗauka duk sule lambarsa sama take. Gaskiya ne ga tsofaffi: a Amurka sulallan santi 10 da 25 har zuwa 1964 kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, kuma sautinsu siriri ne mai tsabta da ba ya ɓoyuwa. Amma na zamani da yawa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Santi 1, 2 da 5 na Yuro ƙarfe ne da rufin jan ƙarfe. A Birtaniya kwabo ɗaya da biyu haka suke tun 1992, na 5 da na 10 kuma suka koma ƙarfe mai rufin nikel daga 2012. Irin waɗannan lambarsu tsalle take yi, wani lokacin ta faɗa cikin ta ƙusa. Santi ɗaya na Amurka tun 1982 tutiya ne a ciki, gishiri na cinye shi har ya koma kamar ƙurji. Don haka kafin ka toshe wata lamba, ɗauki sulallan da ake kashewa a inda kake nema, ka wuce da su ƙarƙashin faifai ɗaya-ɗaya, a kwance da kuma a tsaye, ka ji yadda kowanne ke magana.

Zinare kuwa, a faɗi gaskiya komai ɗacinta: babu na'urar da ke raba zoben zinare da kunnen gwangwanin lemo. Lambarsu na haɗuwa, domin girma da siffa da gaurayen ƙarfe duk suna shiga lissafin. Wanda ya toshe lambobin alminiyam don ya huta da tono ya toshe zobba tare da su. Siririyar sarƙa ta fi kowa wuya, saboda na'ura ba ta ganin ta a matsayin abu ɗaya, kowane ƙulli dabam take ji, kuma a jiƙaƙƙen yashi amsarsa na nutsewa cikin ta gishiri. Sau da yawa maƙullin sarƙar ko abin da aka rataya mata ne ke tona asirinta.

A tudu, abin da ya fi zurfi muhimmanci shi ne saurin da na'ura ke sakin abu ta kama na kusa da shi. Sule na kwance, ƙusa na gefensa da faɗin yatsu biyu, na'ura mai nawa za ta ji ƙusar ta haɗiye sulen. Legend da Equinox da Deus II da Manticore duk suna ba ka damar ƙara wannan saurin, amma duk abin da ka ƙara a sauri ka rage a zurfi. Ƙaramin faifai na inci 6 ya fi kowane saiti magance wannan. A buɗaɗɗiyar gaɓa kuma akasin haka ne, babban faifai na share wuri da yawa, sai dai a cikin ruwa jan sa kamar tuƙa kwale-kwale ne.

Game da zurfi, sule a ƙasa ta gari yawanci tsakanin santimita 20 zuwa 30 ake jin sa, ko da manyan na'urorin nan. Duk wanda ya nuna maka wata sanda mai eriya ya ce tana jiyo zinare daga nisan kilomita, ko tana ganin sule ɗaya a zurfin mita biyar, riƙe kuɗinka. Haka kuma jabun fitattun na'urori sun cika intanet, kamanninsu ɗaya da na asali, cikinsu fanko. Sayi daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka karɓi takardar garanti. In ta hannu za ka saya, duba kunnuwan faifai inda ya haɗu da sanda ko sun tsage, duba bakin caji ko ya yi kore, ka kuma tuna cewa kamfani irin White's ya rufe tun 2020, kayan gyaran tsofaffin na'urori irin nasa sai an sha nema.

Ni dai in an ce na'ura ɗaya zan riƙe don sulalla da bakin teku, Legend ko Equinox 700 zan ɗauka. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki Score. Wanda ya tabbata ƙafarsa ba za ta taɓa jiƙaƙƙen yashi ba, Simplex ko X-Terra Pro sun wadatar. Kuma gara ka sauko mataki ɗaya a na'ura ka bar kuɗin kayan aiki, da ka zuba komai a kanta ka je kana tono da hannu. A jiƙaƙƙen yashi rami na cikewa da ruwa kafin ka ƙifta ido, abu mai nauyi kuma ƙara nutsewa yake yi duk lokacin da ka motsa wurin. Sai da shebur mai rariya, na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai doguwar ƙota: ka taka shi da ƙafa a bayan abin, ka ɗago yashin gaba ɗaya, ka girgiza a ruwa har ka ji ƙarar abu na buga ƙarfe a ciki. A tudu kuma kana buƙatar 'yar sandar lalube da ake zura wa rami, da lasifikar kunne, domin ƙarar iska da igiya na cinye siririn sautin abu mai zurfi.

Kada a manta da doka, don ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila da Wales dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya shiga ma'anar taska cikin kwana 14. A Amurka an hana amfani da na'urar a gandayen da ke ƙarƙashin hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasa. A Faransa neman kayan tarihi da ita sai da izinin hukuma. Ko'ina kake, nemi yardar mai fili, ka cike ramin da ka tona, zoben da ke da suna a ciki kuma ka yi ƙoƙarin mayar wa mai shi.

In ka sami damar gwada na'ura kafin saye, kada ka yarda da gwajin da ake yi a iska, ana kaɗa sule a gaban faifai, domin a iska kowace na'ura jaruma ce. Ɗaura zobe da igiyar leda mai ƙwari, ka je inda igiyar teku ta janye yanzun nan, ka binne shi kamar santimita 15, ka bar bakin igiyar a waje. Kunna na'urar a tsarin bakin teku, ka ɗaga kaifinta har ta fara surutu, sannan ka sauke kaɗan har ta natsu. Wuce ta kan zoben daga gabas zuwa yamma, ka juya ka wuce daga kudu zuwa arewa, faifai na shafar yashi ba tare da ka ɗaga shi a ƙarshen kaɗawa ba. Idan sautin ya maimaitu ta kowace fuska, ƙara zurfin da santimita biyar ka sake. Bayan ka gama, cire murfin ƙasan faifai ka zubar da yashin da ya maƙale a ciki, ka wanke sanda da makullanta da ruwan daɗi kafin gishirin ya bushe.